Kaya Sun Dawo Cif

Ranar Talata, tsakanin la'asar da magariba,
na leƙa barka Gwammaja,
na bar keji rataye a ƙusar
da Tanimu ya kafa da hannunsa.
Na dawo, ƙusa tana nan.
Ƙusar kaɗai.

Bebe muke ce masa,
don shekara guda cur bai ce mana uffan ba,
sai ranar da ya yi tari irin na maigida
har na taso daga madafi da kofin ruwa.
Shekara goma sha ɗaya yana tsintar muryar mutumin nan:
"Tasalla, ina tabarauna?"
"Tasalla, shayin ya huce."
Ranar da aka fita da Tanimu
muryarsa ba ta bi makara ba,
ta zauna a keji tana ɓare gyaɗa.

A caji ofis ɗan sanda ya jawo littafi,
ya lashi yatsa, ya buɗe.
"Me aka sace?"
Na ce aku.
Na bayan kanta ya danne dariya da hula.
"Mama, nawa ne kuɗinsa?"
Na ce ban taɓa jin tayinsa ba.
Ya ce wannan layi ba a barinsa fayau,
doka lamba take so.
Ya rubuta dubu arba'in,
ƙasan wani da aka ɗauke wa janareto,
saman wata da aka yanke wa jaka a Kantin Kwari.

Kwana goma sha tara gidan bai yi tari ba.
Jikana Nafi'u ya bi 'yan tsuntsaye rumfa-rumfa
har takalminsa ya tsinke,
ya gane shi da farcen hagu da ya karye.
Mai rumfa ya ce shi saya ya yi,
ya nuna Sabitu,
yaron da ke gyara mana wayar wuta,
wanda na sha zuba wa tuwo har da ƙari.

Alƙali mutumin kirki ne, ban ga laifinsa ba.
Ya duba sashe, ya karanta,
ya ce sata sata ce, ko ta buta ko ta tsuntsu.
Tara, ko wata uku.
Uwar Sabitu ta kwance bakin zane tana ƙirga,
ban iya kallonta ba.
Aka juyo gare ni:
"An mayar miki da kayanki?"
Na ce an mayar.
"Cif?"
Na dubi fiffike biyu, jan bindi, ido kamar tsakiya.
Na ce cif.
Na dangwala yatsa a takarda.

Na mayar da keji kan ƙusa.
Na ba shi gyaɗa, na ba shi gwanda,
na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsa na kwana.
Da asuba ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki:
"Nawa ka saya?"
Ya karkata kai.
"Albarka! Ƙara dai, Alhaji."

Yau wata biyar ke nan.
Ciniki yake da bango, ciniki da inuwa,
ba tari, ba tabarau.

Ku da kuke zama a majalisa kuna ɗinka dokoki,
ba na neman a ƙara wa yaron kwana,
na yafe masa tuwona ma.
Layi ɗaya nake roƙo a littafin nan,
ko da siriri ne, a gefe,
inda za a tambayi mutum:
ban da kuɗinsa, me yake riƙe miki?

Kafin ku zauna, ni na fara nawa.
Kullum bayan isha'i ina jawo kujera,
in kumbura murya, in ce masa,
"Tasalla, shayin ya huce."
Nafi'u ya ce wata rana zai ɗauka.
Na sani.
Abin da ban faɗa wa yaron ba,
ranar da ya ɗauka,
ni ce zan ji kaina ina kiran kaina.